Kare da Tanti a Filin Tarauni

Shekarar da sojoji suka koma bariki, kowa a Gyaɗi-Gyaɗi yana jiran wani abu. Masu shago suna jiran kaya su sauko, masu mota suna jiran layin mai ya ƙare, samari suna jiran aikin da aka yi musu alkawari lokacin neman ƙuri'a. Ni mijina nake jira. Ya daɗe yana aikin safiyo a kudu, a wani ɗan garin masunta da ke bakin teku, yana auna ƙasar da aka ce za a yi hanya a kanta. Sai da salla muke ganinsa, ya yi mana 'yan kwanaki ya koma. Da mulki ya canja hannu aka dakatar da aikin, aka ce kowa ya tafi gida sai an neme shi. Mutane suna yi mini jaje, ni kuwa daɗi ya cika ni. Na ce a raina su dakatar da shi har tashin duniya, ni dai a ba ni mijina, 'ya'yana mata su san suna da uba.

Ya iso da hantsi a bayan wata babbar mota mai ɗauke da kwakwa da manja. Aka sauke akwatinsa na ƙarfe, aka sauke tanti a naɗe, sai ga wani jan kare ya diro, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Na san karen. Yana da suna, wanda matan garin can suka sa masa da yarensu, amma ban taɓa kiransa da shi ba, kuma ba yau zan fara ba.

Sau ɗaya na taɓa zuwa garin, da wani hutun makaranta, na bar yara wajen mahaifiyata. Na zaci gida zan tarar. Ashe masu safiyon a tanti suke kwana, a wani fili mai rairayi a bayan gari, ƙarƙashin bishiyoyin kwakwa, ga teku a gabanka ba katanga ba komai. Tantin nasa kore ne mai kauri, yana warin tamfol da gishiri. A ciki akwai gado mai naɗewa, da risho, da buta, da sallaya, shi ke nan. Rairayi a cikin shinkafa, rairayi a cikin gashi, zanin da na shanya ba ya bushewa sai dai ya yi danƙo. Ƙarar ruwan kuwa ba ta hutawa, har kaina ya riƙa ciwo. Na ce masa, "Malam, wai yaushe ake kashe wannan abin?" Ya yi dariya har da riƙe ciki.

Ban taɓa jin wannan dariyar a Kano ba. A can, in ya idar da sallar asuba, sai ya nannaɗe ƙafar wando ya bi bakin ruwa, karen na biye da shi. In masunta suna jan taru sai ya kama igiya tare da su, su ba shi kifi, ya dawo ya gasa a bakin tanti. Kowa oga yake ce masa. Karen kuwa ɗan gata ne a garin. Yana shiga inda mata suke ƙyafe kifi su jefa masa kai, yana kwanciya a inuwar kwalekwale yara su jingina da shi. Ba wanda ya taɓa ɗaga masa hannu. Cikin tanti dai ba ya shiga, wannan kam Malam ya tsare, a bakin ƙofa yake kwana. Na yi kwanakina na dawo gida, na ce Allah ya raba ni da zaman bakin teku.

Gidan da muke zaune na mahaifinsa ne, Allah ya jiƙansa. Inna, uwar mijina, tana ɗakin tsakiya, ƙaninsa da matarsa suna ɓangare guda, mu muna ɗaya ɓangaren. Mijina ɗan fari ne, Inna kuwa irin mutanen da ce masu alkunya ta gaske. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. In ya durƙusa ya gaishe ta, bango take kallo ta amsa. In tana da saƙo, ta bakina yake bi, ko da yana zaune a gabanta.

Ranar da ya dawo, ya shigo ya durƙusa yana gaishe ta, karen ya biyo shi har tsakar gida, ya wuce kai tsaye ya lashi bakin butar Inna. Matar ƙanin ta ruga ɗaki. Inna ta janye ƙafafunta kawai, ta kira ni, ta ce, "Ki gaya wa mutumin nan, gidan nan ana salla a cikinsa. Mala'iku ba sa shiga inda kare yake." Yana nan a durƙushe, ya ji komai. Na juya na maimaita masa kamar yadda aka saba. Ya ce, "To." Na dirje butar da ƙasa, na wanke na sake wankewa har hannuna ya yi ja, amma Inna ba ta ƙara taɓa ta ba.

Na ɗauka wannan "to" ɗin yana nufin zai ba wani karen. Sai na ga ya saɓi tanti. Muna da fili a Tarauni, ta wajen Daurawa, wanda ya saya tun da daɗewa da niyyar gini. Lokacin wurin bai cika ba, gida nan, kango can, sai ciyawa da tumakin mutane. Ya ce mini, "Kwana biyu ne, kafin in samo masa wuri." Ko tuwon da na tuƙa masa bai tsaya ya ci ba, sai a kwano na bi shi da shi.

Na same shi ya kafa tanti a tsakiyar filin, ya ja igiyoyi, ya buga turaku, ya share gaban ƙofa tas. Ya ma jera duwatsu uku na murhu. Yadda ya tsara wurin, sak yadda na gani a bakin teku, har inda buta take zama. Karen ya rugo yana kaɗa mini wutsiya. Na ce, "Kai, tafi can."

Maƙwabtan filin ba su daɗe ba suka fara magana. Malam ya je wajen limamin masallacin da ke kusa ya yi tambaya. Liman ya ce masa kare a cikin gida kam a'a, amma an yarda a ajiye shi don gadin gona ko dabbobi ko dukiya, ko don farauta. Mijina mutum ne mai bin ƙa'ida, in ka ba shi layi ba ya kaucewa. Sai ya ɗauki ɗan abin da aka sallame shi da shi daga aiki ya sayo bulo, aka jibge a gefen filin. Damina ta faɗi, ya shuka kuɓewa da masara a ɗaya gefen. Ya nuna mini da hannu, ya ce, "Ga dukiya, ga gona. Yanzu ba mai abin cewa." Wato an sayo wa kare abin da zai yi gadi. Da na ba Inna labari, sai ta ci gaba da jan carbi.

Daga nan aikina ya zama kai abinci. In na gama girkin rana sai in ɗaure kwanuka a tsumma, in hau bas daga Gyaɗi-Gyaɗi, in sauka wajen kasuwar Tarauni, in ƙarasa a ƙafa. Matan unguwarmu suka laƙaba mini matar mai kare. Ba sa faɗa a gabana, amma 'yata ƙarama ta ji a makaranta ta dawo tana kuka. Shi kuma yakan zo gida da rana wani lokaci, ya yi wanka, ya gaishe da Inna, ya duba littattafan yara, ya sa riga mai kyau ya tafi ma'aikata neman a mayar da shi aiki ko a ba shi wani. A can sababbin mutane ne, kowa ya zo da nasa, kullum amsar ita ce ya dawo mako mai zuwa. Kafin magariba ya koma fili, wai kada a sace bulo.

A shekarun da ba ya nan, ƙaninsa ne ya riƙe gidan. Yana sayar da kayan gyaran mota, Allah ya buɗa masa, shi ke sayen hatsi, shi ake jira kafin a yanke komai. Ba mugun mutum ba ne. Wata rana da kyakkyawar niyya ya ce, "Yaya, da ka riƙa zuwa shago kana zama mini in na fita." Mijina ya yi murmushi ya ce zai duba. Ranar ko wanka bai yi ba ya koma.

Na bi shi fili raina a ɓace. Na dire kwanukan na ce, "Malam, ni ka aura ko shi?"

Ya ce, "Haba, wace irin magana ce wannan."

Na ce, "Irin maganar matar da ta yi shekaru tana jiran miji, ya dawo ya tare da kare. Yara suna tambayata ko laifi muka yi maka. Me zan ce musu?"

Ya daɗe yana kallon masara. Ya ce, "Da aka watse a can, kowa ya kama gabansa, shi kaɗai ya tsaya a bakin tantina. Ba zan iya jefar da shi ba."

Na ce, "Mu da muka tsaya fa?" Ya buɗe kwano ya fara ci, ya gutsura wa karen loma.

Abin haushin shi ne karen ba ya gadin komai. Ya tashi a garin da kowa abokinsa ne, bai san akwai mutumin da ake yi wa haushi ba. Yaran unguwa suna jifansa da dutse, sai ya bi dutsen da gudu ya ɗauko a baki ya kawo musu, ya zaci wasa ne. Na gani da idona, har da ranar da suka same shi a ƙafa, ya ɗingisa ya kawo musu dutsen. Ni da ba na ƙaunarsa ma sai da na kore su. Wata Juma'a kuma wani Alhaji maƙwabcin filin ya fito cikin farar shadda zai tafi masallaci, karen ya ruga ya ɗora masa ƙafafun gaba a ƙirji, da taɓon damina, yana neman lasar fuskarsa. Alhajin ya koma ya sake wanka da kaya, ya rasa huɗuba. Malam ya je har ƙofar gidansa ya ba da haƙuri, ya fara ɗaure karen da igiya in zai fita, amma karen ya iya zare wuya.

Sai kuma aka kwashe bulon. Da rana tsaka, Malam yana ma'aikata yana zaman jira, wasu suka zo da kura suka yi ta lodi, mutane suka ɗauka shi ya aiko su. Wata maƙwabciya ta ce ta ga karen yana raka su har kwana yana kaɗa wutsiya. Da na ji, dariya ta kama ni, daga baya na ga hawaye nake yi. Gidan da nake mafarkin in ga na shiga ke nan, an tura shi a kura.

Mai unguwa ya kira shi. Ya ce, "Malam, an yi maka shiru ne a kan gadi. Wannan kuwa ba ya gadi, sai ɓata wa mutane tufafi. Ka nema masa wuri kafin wani ya yi abin da ba za ka so ba." Mijina bai yi musu ba. Ƙa'idar da ya tsaya a kai ita ce ta kayar da shi.

Ni na samo wurin. Akwai wata malamar makarantar 'ya'yana, mutuniyar Filato, tana zaune a Unguwar Gano da mijinta da yaransu, gidansu da katanga da bishiyar mangwaro. Ta ce da ma suna son kare, a kawo. Malam da kansa ya kai shi, a ƙafa, da igiya a hannu. Ban bi su ba, na zauna gida ina shiri. Na share ɗaki, na wanke labule, na shimfiɗa sabon zanin gado. Inna ta kira ni ta miƙo mini turaren wuta daga cikin nata na ajiya, ta kuma ce a kama jar kazar nan a yanka. Ba ta ce don wa ba. Na yi tuwon shinkafa da miyar taushe, yara suka yi wanka suka zauna a zaure suna leƙen hanya. Aka yi magariba, aka yi isha'i. Na rufe tuwon na ce su ci nasu.

Washegari na same shi yana ƙara ɗaure igiyoyin tanti. Ya ce bari ya gama cire kuɓewa, kada awaki su cinye. Aka gama kuɓewa, ya ce saura masara. Aka karya masara, na kai wa Inna ta gasa, ya ce yana so ya ga ko za a gano waɗanda suka kwashe bulo. Daga nan ya daina ba da dalili, ni ma na daina tambaya. Ma'aikatar ma ya daina zuwa.

Wata rana na biya gidan malamar in yi mata godiya. Na tarar da karen kwance a ƙarƙashin mangwaro, ya yi ƙiba, gashinsa na sheƙi, yaranta suna hawa bayansa. Ya taso ya tarye ni da murna, irin murnar da yake yi wa kowa, har da ɓarayin bulo. Na tambaye ta ko Malam yana zuwa ganinsa. Ta ce tun ranar da ya kawo shi bai sake leƙowa ba. Na kama hanyar komawa. Na yi wata da watanni ina tsine wa dabbar da ba ruwanta. Ashe ba karen ne ya hana shi shiga gida ba, kuma ban san da me zan yi faɗa ba yanzu.

Na wuce filin kai tsaye. Yana zaune a bakin tanti a kan akwatinsa na ƙarfe, la'asar ta yi sanyi. Kafin in buɗe baki ya ɗaga mini hannu, ya ce, "Tsaya. Saurara." Daga can titin Maiduguri ana jin manyan motoci suna wucewa, ƙarar na tasowa tana kwantawa. Ya ce, "In iska ta juyo ta nan, in kika rufe ido, kamar can ne." Na saurara. Motoci ne. Na ce masa tuwon zai huce.

Da na koma gida Inna ta ga fuskata, ta tambaya, na faɗa mata komai, har da maganar motocin. Da safe ta ce in nemo mana tasi. Inna ba ta fita sai gaisuwar mutuwa, ƙafafunta ma sun kumbura, sai da sanda. Matar ƙanin ta ce, "Inna, ina za ki?" Inna ta yafa mayafinta mai kauri.

Tasi ba ta iya shiga har filin ba saboda kwata, muka sauka muka taka a hankali, tana dafe da kafaɗata. Ƙofar tantin a sake take, yana ciki. Na ce bari in yi masa magana. Ta matse mini kafaɗa, ta ce, "Bari." Ta tsaya a kan karan masarar da aka sare, ta gyara tsayuwa a kan sanda, ta buɗe baki ta kira sunansa. Sunan yanka, cikakke. Ta faɗe shi kamar mai ɗaga kayan da ba ta saba ɗauka ba. Ni kaina sai da na sunkuyar da kai don kunya, kamar na ga abin da bai kamata in gani ba.

Ya fito da sauri ba takalmi, ya zube a gabanta. Ta dube shi, ido cikin ido, ta ce, "Ka zo gida." Ba ta bi ta bakina ba.

Ya daɗe kansa a ƙasa, na ga kafaɗunsa suna motsi. Can ya ce, "To, Inna. In sha Allahu." Ya tashi ya karɓi hannunta daga kafaɗata, ya riƙe ta har bakin hanya, yana nuna mata inda za ta taka. Ya buɗe mata ƙofar tasi, ya gyara mata mayafi kada ƙofa ta kama shi, ya sa mata sandar a gefe. Na matsa ciki na bar masa wuri. Ya rufe ƙofar daga waje, ya ce wa direba ya bi a hankali, tsohuwa ce.

Na juya ina kallonsa ta gilashin baya. Ya tsaya har muka kusa kwana, sannan ya juya ya nufi filin. Inna ba ta waiwaya ba ko sau ɗaya. Bango babu a cikin mota, sai ta kafa ido a bayan kujerar direba. Muka wuce kasuwar Tarauni, muka hau babban titi. Sai da muka kusa Gyaɗi-Gyaɗi ta ce, "Gobe in za ki kai wa mutumin nan abinci, ki ɗauki bargon da ke ƙasan akwatina ki tafi masa da shi. Sanyi ya kusa."